Me zai hana a shafe Gidan Makama da siminti a huta?

Tambayar da wani bawan Allah ya turo ke nan: "Gine-ginen tarihi na ƙasa irin su Gidan Makama na Kano kullum cikin yaɓe da gyara ake, damina ta zo ta wanke. Me zai hana a yi musu filasta da siminti, a buga kwano, a sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki a huta gaba ɗaya? Ba hakan ne zai sa su daɗe ba?"

Malam sannu da ƙoƙari, gaskiya na ji daɗin tambayar nan don ba kai kaɗai ba ne, har cikin injiniyoyi da 'yan kwangila akwai masu wannan tunanin kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Ni aikina zanen gini ne, na kuma daɗe ina aiki da maginan gargajiya wajen gyaran tsofaffin soraye, toh abin da zan faɗa maka kai tsaye shi ne siminti a jikin bangon ƙasa ba ya ƙara masa kwana, rage masa yake yi, kuma ɓarnar a ɓoye take faruwa inda ido ba ya kaiwa sai ranar da abu ya zubo.

Gidan Makama dai asalinsa tun ƙarni na 15 ne, ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi a matsayin ofis, yanzu kuma wani ɓangare gidan tarihi ne, wani makaranta, wani na Makaman Kano. Kada ka ɗauka ƙasar da kake taɓawa a bangon yau ita ce wadda aka kwaɓa zamanin Rumfa, a'a, an sha yaɓe an sha sake azara an sha tayar da abin da ya faɗi. Abin da ya kawo ginin har yau shi ne kowace shekara akwai wanda ya hau sama kafin ruwa ya sauka ya duba. Wato wannan yaɓen da kake gani kamar wahala ce mara ƙarewa, shi ne ainihin abin da ya riƙe gidan ɗaruruwan shekaru.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda bangon yake a ciki don sai da shi za ka gane matsalar siminti. Ana haƙo jar ƙasa ko birji, a jiƙa, a zuba ciyawa da aka daddatsa, wani lokacin da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa a bar shi ya kwana ya ruɓa kwanaki ana juyawa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Wajen gini ana jera tubalin tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓi, a yi layi ɗaya a bari ya sha iska kafin a ɗora na gaba, gindin bangon da kauri sosai yana tafiya sama yana sirancewa. Irin wannan bango yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Da damina zai ɗan sha, rana ta fito ya fitar, haka yake rayuwarsa. Matuƙar danshin yana da hanyar fita babu abin da zai same shi.

Toh da ka shafa masa siminti ka toshe hanyar fitar, kamar mutum ne ya sa rigar leda a zafin watan Afirilu, gumin ba inda za shi sai dai ya jiƙa shi a ciki. Sannan siminti da ƙasa ba sa motsi tare, rana ta buga siminti ya buɗe dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa tana nata motsin daban, cikin shekara ɗaya ko biyu zaka ga 'yan siraran tsagu kamar gashi a jikin filastar, ruwa ya bi ta nan ya shiga kuma ba zai iya fita ba. Daga ƙasa ma danshi yana hawowa ta gindin bango yana ɗauke da gishiri, da can yana busar da kansa a waje, yanzu sai ya yi ta hawa sama a bayan simintin. In kana so ka gani da idonka ka sami duk wani tsohon gidan ƙasa a cikin gari da aka yi wa filasta shekara biyar ko goma da suka wuce, ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daidai gwiwarka. Zaka ji wani wuri yana amsawa dum dum kamar ganga, wato ya rabu da bangon. In mai gidan ya yarda aka ɓamɓare wurin, ƙasa ce za ta zubo maka a ƙafa, mai sanyi mai warin ruma, tubalin ya narke ya koma gari, ga hanyoyin gara sun yi rassa a ciki don gara ba abin da take so irin duhu da danshi. A waje kuwa bango sumul da fenti, mai wucewa ya ce kai an gyara gidan nan. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, don bangon ƙasa tsirara in yana ciwo kowa zai gani a yi masa magani da wuri, wanda aka rufe da siminti sai ya gama lalacewa ake sani.

Kuma ba wai kakanninmu ba su san maganin ruwa ba ne. Akwai makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta, a jiƙa ta fitar da wani ruwa ja mai duhu a kwaɓa yaɓe da shi, yana korar ruwa amma bango yana numfashi. Akwai laso wanda shi ne na rufin soro da inda ruwa ke duka sosai, ana haɗa katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofi, ramin rini ke nan, wanda ake ƙonawa a daka, da gashin awaki daga majema, da ruwa mai yauƙi na dafara, wani tsiron daji. Laso mai kyau in gwani ya shafa ya goge shi yana ɗaukar shekaru kafin a sake. Ka lura yawancin kayan nan sharar wata sana'a ce, na marina da na majema da na masu kalwa, ba abin da aka sayo daga waje. Matsalar yanzu ita ce karofi sun ragu ƙwarai, ɗorawa ana sarewa ana gawayi, giginyar da ake tsaga azara daga jikinta ta yi nisa, kuma namijin giginya da ya tsufa ake so don shi ne mai taurin da gara ba ta iya ci, in aka kawo maka ɗanya ko ta mace an cuce ka. Shi ya sa duk mai maganar kula da irin wannan gini da gaske dole ya yi maganar inda zai samo kayan nan shekara ashirin masu zuwa, har da dasa ɗorawa da giginya.

In da ni aka ba aikin gyaran gini irin wannan, watannin farko ba za a ga lebura ko ɗaya da shebur ba. Aunawa za a yi, kowane ɗaki kowane bango, a zana a ɗauki hoto, musamman zanen ado na jikin bango da bakan gizo da ɗaurin guga na cikin rufi, wato lanƙwasassun ginshiƙan azara da ƙasa masu ɗauke da rufin, a zauna da tsofaffin magina da tsofaffin ma'aikatan gidan a ji wane ɗaki ne aka taɓa sake wa rufi, ina ne ruwa ke kwanciya. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya auna gine-ginen gargajiya da yawa a Najeriya, kuma irin wannan aikin ne ya sa aka iya gina kwafin tsohon masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. In babu awo da hoto, ranar da abu ya faɗi sai dai a yi ta gardama a kan yadda yake a da. Sannan in ginin yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kamar Gidan Makama, ba a taɓa shi sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, wadda dokar 1979 ta kafa.

Daga nan sai bin ruwa, kuma wallahi kashi mafi girma na aikin nan ne. A hau rufi lokacin da ake tsuga ruwa a Agusta, ba bayan an ɗauke ba, a ga ina yake bi ina yake tsayawa. Indararo shi ne wurin da aka fi samun ɓarna, daidai inda ya ratsa rawanin soro, in wurin ya ɗan tsage ruwa zai riƙa bi ta gefensa yana gangarawa cikin bangon maimakon ya fita waje, ko kuma indararon ya yi gajere yana zubar da ruwa a jikin bango, sai ka ga doguwar kwarmi daga sama har ƙasa. Leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi ruwa ya kwana a kan rufi, shi ke nan an fara. Sai 'yan tsiron cediya ko darbejiya da tsuntsaye ke kawowa, suna ƙanana a cire su da hannu, in suka yi saiwa sai sun fasa rufin. A ƙasa kuma a duba inda ruwan indararo ke sauka, kada ya riƙa fallatsa a gindin bango. Wata babbar matsala ta cikin birni ita ce duk lokacin da aka yi titi ko kwata sai a ɗaga ƙasa, tsohon gini ya koma a rami, ruwan unguwa ya riƙa gangarowa wajensa. Wannan ba yaɓe ne maganinsa ba, sai an yi magudana da za ta janye ruwan nesa, kuma a nan ɗin siminti yana da amfani, a yi kwata mai kyau da shi amma nesa da bango, a bar tazara ta ƙasa ko tsakuwa inda danshi zai riƙa fita.

Tsaga kuma kala biyu ce, akwai wadda ta tsage ta tsaya akwai mai tafiya. Ba a cike tsaga sai an san wace iri ce. Ana manna 'yar farar filasta siririya a kan tsagar ko a ja layi da fensir a gefe biyu a rubuta kwanan wata, a riƙa aunawa har damina ta wuce. In ba ta motsa ba a cike da kwaɓi irin na bangon, in mai zurfi ce a ɗinke ta da guntayen azara a kwance. In tana buɗewa toh matsalar tana ƙasa ko a nauyin rufi, a tokare wurin, a kwashe kaya, a hana mutane shiga. Ba na wasa da wannan maganar ko kaɗan. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufta ana cikin sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya ji ƙansu. A Satumba 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwa mai yawa. Son tarihi ba zai sa a bar mutane ƙarƙashin rufin da ake shakka a kansa ba.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, yaɓen ma in ya yi yawa illa ne. In kowace shekara ana ɗora sabo a kan tsoho ba a kankare ba, bayan shekara talatin rufin ya yi nauyin da azara ba za ta iya ɗauka ba, ita kuwa azara in ba tokari tazarar da take iya ɗauka ba ta wuce wajen ƙafa shida ba, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo don su samu faɗin ɗaki. A babban masallacin Djenne na ƙasar Mali, wanda duk gari ke fitowa yaɓensa kowace shekara, lokacin da gidauniyar Aga Khan ta yi babban gyara sai da aka sauke tarin ƙasar da ta taru a kan rufin aka canza itatuwan da suka lalace. Kan azara da ke cikin bango shi ke fara ruɓewa, ana gwada shi da tsinin ƙarfe, wadda ta mutu a zare a sa wata, wadda ke da rai a bar ta ko da ta yi baƙi. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita a duniya tun yarjejeniyar Venice ta 1964 ita ce a taɓa kaɗan gwargwadon buƙata, a adana duk abin da za a iya adanawa na asali, a rubuta duk abin da aka yi.

Maganar kwano, ba zan ce haramun ba ne. In rufi yana yoyo ga damina ta kama babu kuɗi, a kafa rumfar kwano a kan nata ginshiƙan ta rufe soron kafin rani, wannan ceto ne. Amma a cire rufin ƙasa a maye shi da kwano da silin, toh an kashe ginin, zanko, wato tsinin ado na saman soro, da rawani da tulluwa sun tafi, sanyin ɗakin ma ya tafi.

Wannan ya kawo mu kan esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Shiga zauren Gidan Makama da azahar a watan Afirilu ka ji bambanci da waje, bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali sai dare yake sakinsa, wato ginin yana yin aikin esi da kansa ba ko kobo na lantarki. Su kuma kayan tarihi, rigunan saƙi da sirdi da kayan fata da takardun ajami da ƙwarya da kayan kiɗa, abin da ke kashe su ba zafi ba ne kawai, hawa da saukan danshi ne farat ɗaya. In ka sa esi a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, awa uku sanyi da bushewa, awa biyar zafi da danshi, fata ta yi ta miƙewa tana tsukewa har ta tsattsage, takarda ta lanƙwashe, gilashi ya yi raɓa. Gara ma babu esin da irin wannan. Abin da ya fi shi ne akwatunan gilashi masu rufuwa ruf, a sa musu sinadarin silika mai daidaita danshi a ciki, a yi ƙoƙarin riƙe danshin tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, don hunturunmu bushewa ne mai tsanani damina kuma akasin haka. A sayi 'yan na'urorin auna zafi da danshi a rataya a kowane ɗaki shekara guda cur kafin a yanke hukuncin sayen wani inji. Fitila a sa LED mara zafi, a rage haske a kan tufafi da takardu don haske yana cinye launi kuma ba ya dawowa. In ƙwari sun shiga riga ko littafi ba a fesa musu fiya-fiya, ana ɗaure su a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili kamar mako guda ko biyu. In akwai 'yan kayan da lallai sai da esi, a ware musu ɗaki guda a sabon gini.

Sola abu ne mai kyau kuma ina goyon baya, amma dan Allah kada a huda rufin ƙasa a ɗaura fanel, kowane ƙusa hanyar ruwa ce. A yi mata rumfa a tsakar gida ko wajen ajiye motoci, ta ba da inuwa ta ba da wuta. Wayar lantarki a bi da ita cikin bututu a saman bango inda ake gani, kada a sassaƙe bango a binne, kuma a sake tsofaffin wayoyi gaba ɗaya don azara busasshiya ce in ta kama wuta ba a magana. Banɗaki da famfo da wurin alwala a kai su nesa da tsohon bango, fayif ɗaya mai ɗiga a hankali ya fi ruwan Agusta ɓarna don shi ba ya hutawa. Tayil a ƙasa ma haka, yana toshe danshi ya tura shi cikin bango, daɓe ko bulon ƙasa da aka gasa a shimfiɗa kan yashi ya fi. In ana buƙatar ofis da ɗakin taro da shago a gina sabo a gefe, kuma ko shi ba dole sai bulon siminti ba. A Dandaji cikin jihar Tawa ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsawa da inji, an gama a 2018, kuma da maginan yankin aka yi aikin. Ba nisa da Dandaji masallacin Yama da Falke Barmou ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Siminti kuwa masana'antarsa kaɗai tana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya, ƙasar bango in ta zubo sai a jiƙa a sake kwaɓa ta a mayar.

Inda abin ya fi damuna shi ne tsarin kuɗi. An fi son babbar kwangila sau ɗaya a yanka kirtani a ɗauki hoto, alhali abin da ginin ƙasa yake so shi ne ɗan kuɗi kaɗan amma kowace shekara ba fashi, da magini biyu ko uku da suka san gidan ɗaki ɗaki. Kuma takardar kwangila yawanci da buhun siminti da bandir ɗin kwano ake lissafa ta, ba gurbin makuba ba gurbin kwanakin da kwaɓi zai yi yana ruɓa, toh ɗan kwangila me zai kawo in ba abin da aka rubuta masa ba. Dole a sa Sarkin Magina da mutanensa cikin aikin tun daga tsarawa, a biya su kuɗin gwaninta ba kuɗin lebura ba, a sharɗanta cewa kowane gwani zai riƙe yara masu koyo har a gama, don waɗanda suka iya ɗaure bakan gizo da azara yawancinsu sun manyanta kuma 'ya'yansu sun koma ginin bulo inda ake samun na cefane.

Ga mai shirin irin wannan gyara, a tanadi ƙasa da makuba da azara tun da kaka, a fara aikin bango da rufi daga Nuwamba, kada a yarda ɗan kwangila ya matsa a yi yaɓe mai kauri rana ɗaya don iskar hunturu za ta tsattsaga shi, siriri siriri ake yi ana bari ya sha iska. Laso da gyaran indararo su kammala kafin ƙarshen Afirilu. Da ruwan farko ya sauka kuma a sa mutum ya hau rufin washegari da safe ya duba duk inda ruwa ya kwanta ya sa alama.